Tsutsar Gyaɗa ta Zurfin Tekun Norwe: Tambayoyi da Amsoshi

A ƙasan tekun da ke tsakanin Norwe, Aisland da Girinland, inda ruwa ya fi na cikin firji sanyi kuma hasken rana bai taɓa sauka ba, akwai wata 'yar tsutsa siririya kamar zaren ɗinki. Masana suna kiranta Nephasoma lilljeborgi. Ba ta da kyan gani, ba a cinta, kuma ko gwanin aikin sai ya tsaga cikinta kafin ya rantse cewa ita ce. Duk da haka ramukanta ne hanyar da abinci ke bi ya nutse cikin lakar wannan teku. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi yadda ake gane ta da kuma yadda take rayuwa.

Tsutsar gyaɗa, wato wadda ke ɓata gyaɗa a gona?

Ko kusa. Manomin da gara ko ƙadandoniya suka yi wa ɓarna a gonar gyaɗa kada ya ɗora wa wannan laifi, don ba ta taɓa ganin gona ba. Sunan ya samo asali ne daga siffarta. Idan aka taɓa wasu daga cikin danginta, sai su janye wuya su dunƙule, su koma gajeru masu ƙiba kamar ƙwayar gyaɗa da aka ɓare. Sunan rukunin a wurin masana shi ne Sipuncula, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin bututu. Nau'o'in da aka amince da su ba su da yawa, wajen 150 ne ko ɗan sama da haka, kuma dukkansu a ruwan gishiri suke.

Ita wadda muke magana a kai ma ba ta yi kama da gyaɗar ba. Ta gaji sunan ne kawai daga 'yan uwanta masu jiki.

Yaya jikinta yake?

Kashi biyu ne. Akwai gangar jiki, wadda jaka ce ta tsoka cike da ruwa, sannan akwai wani dogon wuya a gaba wanda baki yake a ƙarshensa. Wuyan nan shi ne abin kallo. Tsutsar tana iya jawo shi ya shige cikin jiki gaba ɗaya, yana juyewa ciki-waje, kamar yadda safa ke juyewa idan an tuɓe ta da sauri. In za ta fito da shi sai ta matse tsokar gangar jiki, ruwan ciki ya tura wuyan ya warware. In za ta mayar da shi kuwa, akwai wasu dogayen tsokoki a ciki da ke jan sa kamar igiyar guga. A riƙe waɗannan tsokoki a zuci, domin da ƙirga su ake gane nau'i.

Jikin ba shi da gaɓa-gaɓa irin na tana, ba shi da ƙafa, ba shi da ƙashi. A kewayen baki wasu nau'o'in suna da geza mai yatsu da yawa. A wannan dangi na Nephasoma gezar takan zama kaɗan, wani lokaci 'yan ƙananan leɓɓa ne kawai.

Gaskiya ne duburarta tana kusa da wuya?

Gaskiya ne. Hanjin yakan gangara daga baki har ƙarshen jiki, sannan ya juyo ya hauro yana nannaɗe da kansa kamar tufkar igiya, ya fita ta wata 'yar kafa a gadon baya, dab da inda wuya ya haɗu da gangar jiki. Dabbar da ke zaune a rami mai ƙofa ɗaya wannan tsari ya fi mata, don ba za ta yi bahaya a ƙuryar ɗakinta ba. Ga mai bincike kuma wannan alama ce ta farko: in ka ga tsutsa marar gaɓoɓi, mai wuyan da ke shigewa, kuma ba ta da dubura a ƙarshen wutsiya, to ka kama hanya.

To yaya ake bambanta ta da sauran tsutsotsin da ke zaune tare da ita?

Nan ne aikin yake. Da farko sai a fitar da waɗanda ba danginta ba ne sam. Akwai ƙananan halittun da ake kira kokwambar teku, su duburarsu a ƙarshen jiki take. Akwai tsutsar cokali, wadda harshenta ba ya shigewa cikin jiki. Akwai tsutsotsi masu gaɓoɓi da gashi a gefe, su ne mafi yawa a lakar teku, kuma ganin gaɓoɓin ya isa. Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe shi ne tsutsar gyaɗa.

Daga nan sai a kwantar da ita a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a tsaga gangar jiki a tsaye da siririn almakashi ko allura, a buɗe fata. Abu uku ake dubawa: yawan tsokokin jan wuya, yawan jakunkunan fitar da ƙazanta waɗanda ke yi mata aikin ƙoda, da yadda hanji ya kwanta.

Nephasoma tana da tsokar jan wuya biyu da jakar ƙazanta biyu, kuma tsokar bangon jikinta shimfiɗe take sumul, ba ta rabu zuwa layi-layi ba. Golfingia, wadda ta fi kama da ita daga waje, tsokokinta huɗu ne. A ruwan arewa an fi haɗuwa da Golfingia margaritacea, mai kauri da santsin fata, wadda Michael Sars ya siffanta a 1851. Phascolion strombus kuwa ba ta ba da wahala sosai, domin ita 'yar haya ce: takan shiga katantanwar da mai ita ya mutu, ta toshe bakin da yashi da laka, ta bar 'yar kafa ta fito da wuya. Jikinta yakan lanƙwashe ya bi siffar katantanwar, fatarta tana da ƙuraje masu tauri da take maƙalewa da su, kuma jakar ƙazantarta ɗaya ce. Sai Onchnesoma steenstrupii, 'yar mitsitsiya mai jiki kamar ƙwayar hatsi da wuya wanda ya ninka jikin sau da yawa. Ita duburarta ma can kan wuyan take, kusa da baki, kuma tana da yawa a lakar zurfafan mashigan ruwa na gaɓar Norwe.

Bayan an tabbatar Nephasoma ce, saura a san wacce daga ciki. A nan ake duba ƙananan ƙugiyoyin da ke kan wuya, siffarsu da yadda suka warwatsu, da ƙurajen fata musamman na wajen wutsiya, da tsawon wuya idan aka gwada shi da gangar jiki, da inda tsokokin jan wuya suka kafu.

In haka ne ai da sauƙi. Me ya sa ake cewa masana suna ruɗewa?

Kama da wane ba ta wane. Ƙananan nau'o'in Nephasoma irin su lilljeborgi, diaphanes da minutum sun yi kama da juna ƙwarai, har an daɗe ana rubuta sunan wannan a madadin wancan. Dabba ce da ba ta da ƙashi ko ɓawo da za a auna. Tsawonta ma ba tsayayye ba ne, ya danganta da yadda ta matse jiki a lokacin da ta mutu.

Babbar matsalar ita ce wuyan. Tsutsar da aka tono daga zurfin mita dubu da wani abu, aka wanke ta a rariya, aka tsoma ta a maganin adanawa, abin da za ta fara yi shi ne ta janye wuya ta ƙanƙame. Ƙugiyoyi da geza, waɗanda su ne shaidar da ake nema, duk sun shige ciki. Shi ya sa masu haƙuri kan fara sa ta a ruwan da ke sanyaya tsoka, kamar ruwan gishirin maganiziyam ko mantol, har ta saki jiki, kafin a adana ta. A kan jirgin da ke tangaɗi, ga laka bokiti-bokiti tana jiran wanki, ba kullum ake samun wannan sukuni ba. Saboda haka a jerin sunayen dabbobin da aka samo daga wani wuri sau da yawa za ka ga an rubuta sunan dangi kawai, ba a kai ga nau'i ba.

A yanzu ana haɗawa da gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, kuma gwajin ya nuna cewa wasu tsutsotsin gyaɗa da aka ɗauka nau'i ɗaya ne da ya game duniya, a gaskiya nau'o'i ne daban-daban da suka yi kama. A ganina wannan ya isa ya sa mai karatu ya yi hattara da duk tsohuwar taswirar da ta nuna nau'i ɗaya tun daga ƙuryar arewa har ƙuryar kudu.

Wane irin wuri take zaune?

Tekun Norwe hawa biyu ne. A sama akwai ruwa mai ɗan ɗumi da ke gangarowa daga Atilantika, shi ya sa tashoshin jiragen ruwan Norwe ba sa daskarewa da hunturu. A ƙarƙashinsa, daga wajen mita 600 zuwa 800 abin da ya yi ƙasa, sanyin ruwa yana ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, a can ƙasa yana kusan kai wa 1 ƙasa da sifili. Bai daskare ba saboda gishiri, domin ruwan teku sai ya kai wajen 1.9 ƙasa da sifili yake zama ƙanƙara. Wani dogon tudu a ƙarƙashin ruwa, wanda ya miƙa daga Girinland ya bi ta Aisland da tsibiran Faro har Sikotland, shi ya tare wannan ruwan sanyi kamar madatsa. Dabbobin zurfi da ke arewa da tudun sun bambanta da na kudancinsa.

Wurin da aka fi nazarin wannan tsutsa shi ne Tudun Vøring, wani faffaɗan fili a ƙarƙashin teku yamma da gaɓar Norwe, mai zurfin mita dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara nauyi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka a mita 1,400 matsin ya ninka wanda muka saba da shi wajen sau 140. Tsutsar ba ta damu ba, domin babu iska a jikinta da za a matse, ruwa ne ciki ruwa ne waje.

Me take ci a wurin da tsiro ba ya fita?

Abin da ya faɗo daga sama. A ƙarshen hunturu, in rana ta dawo wa arewa, ƙananan tsirran da ke yawo a saman teku sukan yi yabanya lokaci guda. Ƙananan halittu masu kama da jatanlande suna cinsu suna kashi. Matattun tsirrai, kashin, da sauran tarkace su ne ke sauka a hankali har su kai ƙasa. Tsutsar takan miƙo wuya daga bakin rami ta tattara wannan garin daga saman laka ta haɗiye, hanji ya tsotse abin amfani.

Abincin na lokaci ne, kamar kaka. Yakan zo da yawa cikin 'yan makonni, sannan a shiga dogon rani.

Me ya sa ake ba ramukanta muhimmanci haka?

A 1987 wata mai bincike a Jamus, Romero-Wetzel, ta bayyana wasu ramuka da ta gani a lakar da aka ɗebo daga Tudun Vøring. Faɗinsu bai wuce rabin milimita ba, amma suna nutsawa har wajen santimita 50, kuma a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ana samun dubbai. Mazauna cikinsu tsutsotsin gyaɗa ne na dangin Nephasoma. A gwada girman dabbar da zurfin ramin: kamar a ce mutum ya haƙa rijiya mai faɗin kafaɗarsa wadda ta fi dogon bene zurfi, kuma yana hawa yana sauka a ciki.

Shekara biyu bayan haka, a 1989, Gerhard Graf na birnin Kiel a Jamus ya wallafa abin da ya gani a wannan tudu, a zurfin mita 1,430. Abinci ya sauko daga sama, kuma cikin kwana takwas aka sami alamarsa har zurfin santimita 9 a cikin laka. Don a gane girman wannan, a tuna cewa a zurfin teku laka takan taru ne da 'yan santimita a cikin shekara dubu. In da za a jira laka ta binne abincin da kanta, da aikin dubban shekaru ne. Wani ne ya ja shi ƙasa, kuma ramukan nan su ne hanyar. A 2009 Mark Shields da Monika Kędra suka danganta wannan aiki da nau'in Nephasoma lilljeborgi.

Abin da ke biyo baya yana da yawa. Abincin da aka ja ƙasa ya kuɓuta daga bakin masu kiwo a saman laka, ya zama kamar hatsin da aka zuba a rumbu. Ƙwayoyin bakteriya da ke can ƙasa sun sami abin ci. Ruwa mai iskar oksijin yana bin ramukan yana shiga inda da ba zai kai ba. Sannan wani kaso na sinadarin kabon da tsirran sama suka zuƙo daga iska yana ƙarewa a binne. Ga masu karanta tarihin yanayin duniya daga layukan laka kuwa, wannan tsutsa 'yar ɓarna ce, domin tana kai sabon abu cikin tsohon layi.

Har masu nazarin duwatsu suna da ruwa da tsaki a nan. A cikin tsofaffin duwatsun da asalinsu lakar teku ce akwai wasu siraran alamun rami kamar gashi da suke kira Trichichnus, kuma ramukan Tudun Vøring sun yi kama da su sosai.

A nan ne wahalar gane nau'i take da amfani. In ba a san wacce ke haƙa rami mai zurfi ba, wacce kuma ke zaune cikin kwanson wata halitta a saman laka, lissafin abin da ke shiga ƙasa ba zai fita daidai ba.

Yaya take numfashi a cikin laka? Tana da jini?

Ta fata take shaƙar oksijin. Ba ta da zuciya da jijiyoyin jini irin namu. Ruwan da ya cika jikinta shi ke zagayawa da abinci da iska, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyi masu ɗauke da wani sinadari da ake kira hemeritirin. Yana da ƙarfe a cikinsa kamar na jininmu, amma launinsa daban: in ya ɗauki oksijin sai ya yi ruwan hoda mai sirkin shuni, in ya sauke sai ya zama ba launi.

Yaya suke haihuwa?

A mafi yawan tsutsotsin gyaɗa akwai namiji akwai mace, ko da yake daga waje ba a bambanta su. Ƙwai da maniyyi suna nuna a cikin ruwan jiki, su fita ta jakunkunan ƙazantar nan, su haɗu a cikin ruwan teku. A wasu nau'o'in, musamman na ruwan ɗumi, ɗan tsutsar yakan yi watanni yana yawo a saman teku kafin ya sauka, har igiyar ruwa ta kai shi wata nahiya. Wasu kuma ƙwansu mai yawan gwaiduwa ne, ɗan yana fitowa ya zauna kusa da inda aka haife shi. Mary Rice ta cibiyar Smithsonian a Amurka ta shafe shekaru masu yawa a kan wannan fanni. Nephasoma minutum ta fita daban a cikin dangi, domin kowace ɗaya mata-maza ce.

Dangin tana ce?

An daɗe ana jayayya. An taɓa haɗa su da kokwambar teku, an taɓa kusanta su da dangin dodon koɗi, sannan aka ware musu rukuni nasu na kansu. Binciken ƙwayoyin gado daga shekarun 2000 ya mayar da su cikin babban gidan tsutsotsi masu gaɓoɓi, gidan su tana da matsattsaku. Ma'ana kakanninsu suna da gaɓoɓi, daga baya suka rasa su. Kuma abin ya daɗe da faruwa, domin a duwatsun Chengjiang da ke lardin Yunnan na ƙasar Sin an samo burbushinsu mai shekara wajen miliyan 520, da hanjin nan mai juyowa, kusan yadda suke a yau.

Wa ya fara gano ta, kuma daga ina sunan ya fito?

A tsakiyar ƙarni na 19 masana da yawa a Turai sun yarda da ra'ayin Edward Forbes, masani ɗan Birtaniya, cewa babu rai a teku ƙasa da wajen mita 550. Mutanen Norwe na cikin waɗanda suka rushe wannan magana. Michael Sars, wanda limamin coci ne kafin ya zama farfesa, shi da ɗansa Georg Ossian Sars sun yi ta jawo dabbobi daga zurfin ruwan ƙasarsu. Daga 1876 zuwa 1878 Norwe ta tura jirgin Vøringen ya binciki tekun arewa, kuma daga sunan jirgin ne tudun ya sami nasa.

Daniel Danielssen da Johan Koren na birnin Bergen su ne suka siffanta wannan tsutsa a 1880, suka sa mata sunan Wilhelm Lilljeborg, masanin dabbobi na Uppsala a Suwidin. Danielssen likita ne, kuma duniya ta fi saninsa da binciken cutar kuturta. Surukinsa Armauer Hansen ne ya gano ƙwayar da ke kawo cutar. Mutum ɗaya, da rana yana duba kutare, in ya sami sarari yana tsaga tsutsotsin teku.

Sunan Golfingia ya fi ban dariya. Ray Lankester, masanin dabbobi ɗan Ingila, ne ya raɗa shi a 1885, don tunawa da hutun da ya yi yana buga wasan golf a St Andrews ta Sikotland, inda ya sami tsutsar daga hannun Farfesa McIntosh.

Yaya ake kamo ta daga irin wannan zurfi?

Da wani akwatin ƙarfe marar gindi da ake zurawa da waya daga jirgi. In ya kai ƙasa nauyinsa yakan nutsar da shi cikin laka, wani faranti ya rufe shi ta ƙasa, a jawo shi da lakar yadda take, layi a kan layi. Zurawa da jawowa kaɗai suna cin sa'a guda ko fiye. A kan jirgi sai a yanka lakar hawa-hawa a wanke a rariya mai ƙananan idanu, na rabin milimita ko ƙasa da haka. Rariya mai manyan idanu takan bar irin wannan tsutsa ta zurare, kuma akwatin da bai nutsa sosai ba yakan bar waɗanda suka gudu ƙasan rami.

Norwe tana da shirin MAREANO da ke zana taswirar ƙasan tekunta da lissafa abin da ke zaune a ciki. Jamusawa kuma, ta hannun Cibiyar Alfred Wegener, suna da tashar sa ido a mashigin Fram, yamma da tsibiran Svalbard na can arewacin Norwe, tun 1999. Sunanta HAUSGARTEN, kuma kada sunan ya ruɗi kowa, ba ruwansa da Hausa, lambun gida yake nufi da Jamusanci.

Tana cizo ko dafi? Ana cinta?

Ba ta cizo, ba ta harbi. Kifayen da ke kiwo a ƙasan teku, ƙaguwa da wasu dodannin koɗi su ne ke cin tsutsotsin gyaɗa. Wannan ta zurfi ba ta kai loma ba, amma manyan 'yan uwanta na bakin teku abinci ne mai tsada a Asiya. A Beihai da ke kudancin Sin da lardin Quang Ninh na Biyetnam ana tono Sipunculus nudus daga yashi, a busar da ita, a sa a romo. A lardin Fujian kuma ana dafa wata irin har romon ya daskare ya yi kamar kamu, a yanka a ci da yaji.

Akwai abin da ke barazana gare ta?

Abu biyu ake sa wa ido. Na farko ɗumamar teku. Yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yana ɗumama fiye da sauran duniya, ƙanƙarar saman teku tana raguwa, kuma hakan yana sauya lokacin yabanyar tsirran sama da irin abin da ke sauka ƙasa. Dabbar da rayuwarta ta rataya a kan kaka ɗaya a shekara, sauyin lokacin kakar ba ƙaramin abu ba ne gare ta.

Na biyu haƙar ma'adinai. A watan Janairun 2024 majalisar dokokin Norwe ta amince a buɗe wani yanki na ƙasan teku mai faɗin kusan murabba'in kilomita 281,000 don neman ma'adinai, sannan a Disambar shekarar gwamnati ta dakatar da zagayen farko na ba da lasisi. Cibiyar binciken teku ta ƙasar tana cikin waɗanda suka yi gargaɗi cewa sanin da ake da shi game da halittun wurin bai isa a yanke hukunci ba. Ƙurar laka da injin haƙa zai tayar ba a wurin take tsayawa ba, ruwa yana ɗaukarta ya sauke a wani wuri, a kan bakin ramukan da faɗinsu bai kai rabin milimita ba.

Ana samun irinta a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi?

Babu. Duk rukunin ba ya rayuwa a ruwan daɗi, don haka siririyar tsutsar da masunci ya tono a bakin kogi don ƙugiya, tanar ƙasa ce ko wata danginta. Wanda ke son ganin tsutsar gyaɗa da idonsa a Afirka ta Yamma sai ya je gaɓar teku mai duwatsu, irin ta Ghana, lokacin da ruwa ya janye, ya duba cikin tsagar dutse da ƙarƙashin yashi. Waɗanda zai samu a can 'yan ruwan ɗumi ne, sun fi ta Norwe kauri nesa ba kusa ba, kuma in ya ɗora ɗaya a tafin hannu ya jira kaɗan, zai ga wuyan yana warwarewa a hankali.